Romo a Miyar Ungozoma

Cikin duk ranakun da na yi a bakin murhu, akwai wata Asabar a Landan da har yau ba ta bar raina ba, kuma duk sanda na tuna ta sai ɓacin ran ya dawo mini sabo. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake tsananta muku a kan tukunyar masu abinci na musamman, bari in ba ku labarin, ko kwa daina cewa Hajiya Asabe fitina ce kawai take ji.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya buɗe wa mutanenmu ido. Jirgi ba ya sauka sai da manyan ma'aikata, wasu sun zo kwas, wasu asibiti, wasu kuwa sayayya ce kawai ta kawo su. Ni maigidana na biyo, yana karatu, muna zaune a wani ɗan flat a Tottenham. Na samu aiki a Camberwell, a wani masauki da 'yan Arewa ke sauka, mai zauren cin abinci da ake bayarwa haya idan ana suna ko walima.

Ga yadda tsarin yake. Manaja ne a sama, Malam Sabo, shi ke karɓar booking ya yi magana da masu biki. Ƙarƙashinsa babban kuku, Baba Audu, dattijon da ya daɗe yana yi wa Turawa girki a Kaduna kafin ya tsallako. Sai ni mataimakiyarsa, sai mata biyu masu wanke-wanke. Idan baƙo yana da abin da ba ya ci, manaja zai rubuta a kati a maƙala a allo kusa da murhu, wanda aka ɗora wa girkin ya sa hannu a ƙasa. Sa hannun nan ba ado ba ne. Yana nufin tukunya daban, ludayi daban, kuma kai za ka kai farantin gaban mai shi da hannunka. Yawanci masu ciwon sukari da hawan jini ake yi wa.

To, wani babban ma'aikaci da ya zo kwas, Alhaji Bello, matarsa ta haihu a babban asibitin unguwar. Haihuwar ta zo da gardama, har an fara fitar da rai. Wata ungozoma Baturiya, Sista Joyce, lokacin tashinta daga aiki ya yi ta ƙi tafiya, ta tsaya a kanta har Allah ya sauke ta lafiya. Alhaji ya ce lallai ita ce babbar baƙuwa a walimar suna. Ta amsa gayyata, ta kuma bugo wa manaja waya ta gaya masa abin da ba ta ci.

Ranar Talata katin ya hau allo. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba bota, har zuma. Duk abin da ya fito daga jikin dabba ba ta taɓawa. Malam Sabo ya karanta mana yana dariya, ya ce wai masu irin wannan ra'ayi vegan ake ce musu.

Baba Audu ya ce, "To me take ci, ciyawa? A zuba mata miyar kowa, a tsame naman."

Na ce, "Baba, an rubuta ba nama. Miyar da nama ya dahu a ciki ai nama ce."

Malam Sabo ya ce, "Tunda ke kika fahimci abin, ki sa hannu. Taki ce."

Na sa hannu. Washegari Sista Joyce ta sake bugowa, aka ba ni. Muryarta a sanyaye ta ce kada in wahalar da kaina, ita ta saba, ko shayi baƙi aka ba ta ya isa. Maganar ta taɓa ni. Na ce mata, da guntun Turancina, duk abin da na ajiye a gabanta ta ci hankali kwance, na yi mata alkawari.

Da na zauna a bas ina tunanin me zan dafa, sai na yi wa kaina dariya. Ashe abincin da na tashi a kansa ne a ƙauyenmu wajen kakata. Nama sai ranar kasuwa, wani lokacin ma sai Sallah, kuma ba wanda ya rame. Ƙosai, alala, tuwon shinkafa, miyar taushe da kabewa da gyaɗa da daddawa. Daddawa ina da ita, surukata ta aiko mini. Wake da alayyahu na samu a shagon wani Ba'indiye a unguwarmu.

Kek ne ya ba ni wuya, domin a walimar Landan ta lokacin idan babu kek kamar ba a yi komai ba, kuma ni ban taɓa jin kek ba ƙwai ba bota ba. A gida na yi ta gwaji bayan na tashi aiki. Na farko ya fito kamar bulo. Na biyu ya tashi, amma cikinsa caɓal. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya cinye su da shayi, yana cewa dai ya ga ta kansa. A na uku na dama ayaba nunanniya sosai, na sa man gyaɗa a madadin bota, ya fito da laushi da ƙamshi. Na ji daɗi kamar na ci jarrabawa.

Ranar Asabar kicin ya cika maƙil. Raguna biyu daga mahaucin Musulmi, kaji ba iyaka, ga ƙatuwar tukunyar romo ta Baba Audu tana tafasa tun safe. A wancan zamanin darajar biki a tsibin nama ake auna ta. Ni kuwa na ja ƙaramar tukunyata can gefe, na haɗa taushe, na ɗanɗana, ta yi yadda nake so. Bayan azahar baƙi suka fara zama. Na hau sama in jera kek a teburi, ban fi minti biyar ba.

Ina dawowa, tun kafin in buɗe murfin hancina ya gaya mini. Na buɗe, ga maiƙon rago yana yawo a saman miyar.

Na ce, "Baba, wa ya taɓa tukunyar nan?"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ludayi biyu kawai na zuba. Na ɗanɗana na ji salam. Miya ba romo ta fita daga kicin ɗina, a gaban Alhaji? Ni za a zaga, 'yar nan, ba ke ba. Ai ba tsoka a ciki."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, har zuciyarsa gyara ya yi. Yana jira ma in gode masa. Ga kabewa ta ƙare, ga lokaci ya ƙure, babu halin sake wata. Ana haka Malam Sabo ya leƙo yana cewa a fito da abinci. Na gaya masa abin da ya faru.

Ya ce, "Ki kai mata haka. Ba za ta gane ba."

Na ce, "Yallaɓai, hannuna ne a kan katin."

Ya ce, "Ni na rubuta katin, ni kuma na ce ki kai. Idan kika kunyata gidan nan yau, kada in ga ƙafarki ranar Litinin."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Aikin nan shi ke riƙe da mu, kuma mace irina ba kullum take samun wani ba. Na ɗauki ludayi har na kai bakin tukunyar. Sai na tuna muryar matar nan tana cewa ta saba, ni kuma na ce ta ci hankali kwance. Na ajiye ludayin. Na ɗebi farar shinkafa, na soya albasa a man gyaɗa, na barbaɗa yaji, na jera ƙosai da alala a gefe, na fita.

Tana zaune kusa da teburin Alhaji, doguwa, siririya, da furfura kaɗan. Na sunkuya na gaya mata a hankali cewa na yi mata miya amma romon nama ya shiga, don haka ban kawo ba, wannan kuwa babu komai a ciki. Ta dube ni, ta ce ta gode. Da a nan abin ya tsaya, da ba ku ji labarin ba.

Alhaji Bello ya hango farantin. Ya ajiye cokali ya ce, "Sabo, wannan wane irin wulaƙanci ne? Matar da ta tsaya wa iyalina, ita za a ba mai da yaji kamar a gidan makoki?"

Malam Sabo ya matso yana murza hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Yarinyar ce ba ta ƙware ba, ta ƙona miyar baƙuwa."

Ƙaryar nan ita ta kwance mini kai. Kwana huɗu ina fama, a ce na ƙona miya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙona ba. An zuba romon rago ne a ciki, aka ce in kai mata ba za ta gane ba, na ƙi."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya yi dariya, wasu a teburin suka taya shi. Ya ce, "Ashe ma romo ne. Romo ai ruwa ne. Da kin ba ta ta ji daɗin duniya."

A nan ne na faɗi abin da ya jawo mini. Kun san mu a ƙasar Turawa a lokacin, kullum cikin fargabar abinci muke. Ka sayi biskit sai ka tambaya ko da kitsen alade aka yi. Alhajin nan da kansa, makonni kaɗan kafin nan, a wannan zauren ya zauna yana bambami. Wai a kantin abinci na makarantar da yake kwas, ya ce ba ya cin alade, matar da ke zuba abinci ta sa cokali ta ɗauke yankan naman daga kan farantin ta miƙo masa sauran. Kwana uku yana maganar, yana cewa Turawa ba su san mutuncin mutane ba, mu duka muna taya shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da aka ɗauke maka naman alade daga faranti aka miƙo maka, ai ita ma matar cewa ta yi ba tsoka a ciki."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan daban. Wannan addini ne."

Na ce, "Haka ne. Amma yaudarar baƙo ma addini ya hana."

Na juya na koma kicin. Ku fahimce ni, ban ce ra'ayinta da haramcin alade abu ɗaya ba ne, har gobe ni ina cin namana. Abin da na gani shi ne, mu da muka fi kowa sanin zafin a cusa maka abin da ka ce ba ka ci, mu ne muke dariya za mu yi wa wata. Kuma ba kowa ba, matar da muka tara jama'a don mu gode mata.

Da la'asar ana watsewa, Sista Joyce ta zo ƙofar kicin. Ba ta jin Hausa, amma ta gane komai. Ta buɗe jakarta ta nuna mini tuffa ɗaya da gyaɗa a ƙulle a takarda. Ta ce haka take zuwa kowane biki, har na danginta. Ta ce an sha yi mata irin wannan, sai ta gama ci a gaya mata ana dariya, kuma ni ce ta farko da ta gaya mata tun kafin ta kai baki. Ta ci kek yanka biyu, ta sa na faɗa mata yadda ake ƙosai tana rubutawa a bayan katin gayyata. Sai da ta tafi na shiga ɗakin ajiya na yi kukana.

Ranar Litinin na je duk da haka. Ba a kore ni ba, an yi mini abin da suke ganin ya fi kora ciwo. Malam Sabo ya ce daga yau wanke-wanke ne aikina, kada in ƙara taɓa murhu. Wata huɗu ina kankare tukwanen Baba Audu, shi kuwa bai taɓa ta da maganar ba, illa dai ya daina haɗa ido da ni. Alhaji Bello har ya gama kwas ya koma gida bai ƙara amsa gaisuwata ba. Cikin duk waɗanda suka zauna a zauren nan, masu kukan kitsen alade safe da yamma, babu mutum ɗaya da ya ce Asabe ta yi daidai. Wannan shi ne bai warke mini ba. Daga baya na samu wani wuri na bar musu gidan.

Abin da na koya a sana'ar nan, mai ci ba ya ganin cikin tukunya. Maganarki kawai yake ci kafin ya ci abincin. Kuma ba aikinki ba ne ki auna ko dalilinsa ya kai, likita ne ya hana shi, ko addini, ko zuciyarsa ce kawai ba ta so. Na kuma koyi cewa wanda aka taɓa zalunta ba lallai ya gane zalunci ba idan a hannunsa ludayin yake. Shi ya sa a kicin ɗin nan za ku iya ƙona mini shinkafa in yi haƙuri, ku fasa faranti in kau da kai. Amma duk wadda na ji ta ce "ai ba zai gane ba", ta cire rigar aikinta ta ajiye mini a ranar.