Kwandon da Ya Riga Ni Isa Gida

Jama'a, abin nan da zan ba ku a kaina ya faru, ba a majalisa na ji shi ba, wallahi tallahi, kuma matata tana nan da ranta, mai shakka ya tambaye ta. Shekarun baya ne, ina karatun digiri na uku a ƙasar waje, a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, muna zaune a hawa na tara na wani bene a Sentul, ni da ita da 'yarmu Amira.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar, Azman, shi ya jefa ni jarabar kamun kifi da ƙwaron ƙarya. Ba irin fatsarmu ta gida ba ce mai tana da gora. Ƙugiya ake ɗaure wa gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, ka wulwula doguwar igiya a sama ka kwantar da ita bisa ruwa, sannan ka riƙa janyo ta da hannu kaɗan-kaɗan. To igiyar nan da kake janyowa, in ta zuba ƙasa ciyawa ta kama, ka taka, ta cukurkuɗe, shi ya sa ake ɗaura kwando a ƙugu tana zuba ciki, da 'yan tsinkaye tsaye a gindinsa don kada ta sarƙe.

Azman na kanti yake amfani da shi, na roba mai laushi, an lanƙwasa shi daidai ciki, da bel ɗinsa mai maɓalli. Kullum sai ya ce min, "Brother, ka sayi ɗaya lah, ka huta." Ni kuwa Allah Ya zuba min taurin kai, na ce ni Bahaushe in sayi kwando a kanti, kwando fa! Na huda robar wanke-wanke na soka mata wayoyin roba, fita biyu ta tsage. Na gwada kwandon shara, ya goge min ciki har ya yi ja. Azman ya yi ta dariya yana ɗaukata hoto, ni kuma na rantse sai na haɗa wanda ya fi nasa.

A nan ne idona ya faɗa kan kwandon Inna. Inna kakar matata ce, ita ta raine ta a Haɗeja, kuma kwandon kabar nan shi ne na ƙarshe da ta saƙa kafin idonta ya mutu. Bayan rasuwarta matata ba ta ɗauki komai ba sai shi, a cinya ta riƙo shi cikin jirgi, kuma ko Amira ba ta isa ta taɓa shi ba. Amma ku zo ku ga kwando! Ba nauyi, zurfinsa daidai, ruwa na tsiyayewa ta ƙasa. Ranar wata Asabar bayan asuba ta koma barci, na saɓule shi daga ƙusarsa a kicin, na ce ai kafin azahar na mayar. A mota na soka masa wayoyin roba shida, na zura tsohon bel, na saka duwatsu biyu don kada iska ta kaɗa shi.

Wani tsohon ramin haƙar kuza muka je a bayan gari, irin na Jos ɗin nan da taku biyu daga baki sai zurfin da ba a san ƙarshensa ba. Kai, ranar na ji daɗi! Igiya na fita sumul, ko sau ɗaya ba ta sarƙe ba, har Azman ya zo yana shafa saƙar yana cewa da yarensu, "Wah, boleh lah," wato kai, abin ya yi. Ina cikin yi masa tsiya, wajen tara da rabi, wani ƙaton kifi ya fizgi ƙwarona, wanda na ɗaure da jan zaren da na zare daga hulata. Na ja, ya ja, santsi ya kwashe ni na zube a gwiwa, bel ya tsinke, siririn zaren bakin igiyar ma ya tsinke. Ina ji ina gani kwandon Inna ya gangara ruwa, duwatsun nan nawa suka ja shi ƙasa.

Awa biyu muna lalube da sanda da raga, ko kaba ɗaya ba mu samo ba. Da muka koma mota na ga saƙo uku daga matata, tsoro ya hana ni buɗewa, na ce shi ke nan ta ga ƙusa wayam. Duk hanya ina shirya ƙarya ina rushewa, don ni ba faɗanta nake tsoro ba, kukan da za ta yi nake tsoro.

Ina buɗe ƙofa ƙamshin soyayyen kifi ya tare ni, ta fito da fara'arta ta ce, "Abban Amira, ashe ka iya bazata! Amma don Allah a rasa abin aiko kifi sai kwandon Inna?" Na leƙa kicin, ga shi rataye a ƙusarsa yana ɗigar ruwa, da koren gansakuka a jiki, babu waya ko ɗaya, babu duwatsu, ramukan da na buɗa a saƙar duk sun koma yadda suke. Ta ce ƙararrawa aka danna, tana buɗewa ba kowa, sai kwando a ƙasa da kifi yana motsi a ciki, ta ɗauka ɗan aike na turo. Sai ta miƙo min ɗan faranti ta ce ga abin da ta cire a bakinsa. Ƙwarona ne, da jan zarensa.

Na buɗe saƙonnin nan nata a waya. Hoton kifin ne a cikin kwando, ta turo tara da minti talatin da biyar, alhali daga ramin zuwa Sentul tafiyar minti arba'in ce a mota. Na sauka na tambayi mai gadi, ya ce tun safe ba baƙon da ya hau.

Na dawo na zauna na faɗa mata gaskiya tas. Ta je ta sauko da kwandon ta rungume, hawaye na zuba tana dariya, ta ce, "Inna ba ta taɓa barin kayanta su yini a waje ba." Sannan ta ce in ci abinci kada ya huce. Na yi bisimilla na ci, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, har ƙari na yi, Amira na tsalle tana cewa Abba ya kama kifi.

Washegari na je na sayi na kanti, irin na Azman sak. Wa ya danna ƙararrawar, Allah ne masani, ni dai ban ce ga shi ba. Shawarata, in za ku haɗa kwando ku haɗa da robarku, in ba za ku iya ba ku saya, amma abin da tsohuwa ta saƙa da hannunta ta bar wa jikarta, ku bar shi inda aka rataye. Ni har yau in na shiga kicin ni kaɗai, sai na yi sallama.