Layin Burodin Timishwara a Kicin Ɗinmu

Ni na zubar da burodin Inna. Gara in faɗa da bakina kafin ƙanwata Hanifa ta riga ni, don in ita ta ba da labarin sai ka rantse gidan na cinna wa wuta. Umma ce ta sa ni gyaran ɗakin Inna, kakarmu, wadda ta haifi Umman. Na ɗaga filo, sai ga gutsattsarin burodi ƙunshe a ɗankwali, ya bushe ƙamas, irin wanda in ka jefi tasi da shi sai an kira 'yan sanda. Na kwashe na kai shara, na tsaya ina jiran a sa mini albarka.

Daga ranar Inna ta daina cin abinci. Da ma mantuwa ta riga ta ci ƙarfinta, wani lokacin ko Umma ba ta ganewa. Ta laluba ƙarƙashin filo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "An kwashe rabon." Shi ke nan. Aka dama kunu, ta kau da kai. Abba ya zagaye kasuwannin Deira, a nan ƙasar waje da muke zaune, har ya samo fura wajen wata mata 'yar Maraɗi, ta ce a ajiye wa yara. Burodi kuwa na sayo sabo mai ɗumi, leda guda, ko kallonsa ba ta yi ba. Ruwa kaɗai take kurɓa. Likita ya ce in ba ta ci komai ba zuwa ƙarshen mako, kwantar da ita za su yi a zura mata roba ta hanci. Inna kuwa in ta ga farar rigar likita sai jikinta ya hau rawa. Umma ta riƙa shiga banɗaki tana sakin famfo don kada mu ji kukanta. Muna ji.

Ba haka na san Inna ba. Ina firamare ta zo daga Kano ta zauna da mu a unguwar Al Qusais, a gidan da muke rabawa da Baba Awudu, mutumin Zangon Kumasi, mai gadi a wani babban kanti. In watannin sanyi suka kama, bayan magariba takan hura gawayi a kaskon turare, ta fitar baranda, mu kewaye shi ni da Hanifa cikin rigunan sanyi, jirage suna wucewa ta kanmu kamar za su tafi da ɗankwalinta.

"Maigidana, wai wannan ne sanyi?" in ji ta, don haka take kirana. "Rago. Da a Timishwara ne, da ka yi atishawa sai ta faɗo ƙasa ta fashe."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taso daga ƙasar ƙanƙara." Mu ce, "Ta matso ta sha ɗumi."

Timishwara birni ne a Romaniya. Gwamnati ce ta tura kakanmu karatun injiniya can, ya tafi da Inna tana amarya, a can aka haifi Umma. Mutanen garin, in ji Inna, alfahari biyu gare su: wai su suka riga duk biranen Turai kunna fitilun lantarki a titi, kuma wai a wata unguwarsu aka haifi wani gwanin iyo da ya tafi Amurka ya zama ɗan fim, yana lilo a bishiya ba riga. "To garin fitilun nan, sanda na je, da magariba ake ɗauke wuta. Na ce wa kakanku, Malam, in duhu ne ai muna da namu a Gwammaja."

Shugaban ƙasar lokacin yana fitar da abinci waje, talakawa na bin layi. Layin burodi, layin madara, layin da ba ka san na mene ne ba amma ka shiga tukuna. In ka iso sai ka tambayi waye na ƙarshe, ka tsaya bayansa. Mai sayarwa ba ta dariya, ba ta gaisuwa, ta jefo maka rabin burodi ta daka tsawa. Mai ɗa ana ɗan ƙara masa, don haka maƙwabta suke zuwa aron Umma. "Uwarku ta yi iyaye sun fi na marayan unguwa. Da safe 'yar wata ce, da hantsi jikar wata. Baƙa wuluk, amma ba wanda ya taɓa tambaya."

Ni inda nake so shi ne ƙarshen. Wani limamin coci ya faɗi gaskiya, hukuma ta zo korarsa daga gidansa, mutanensa suka kewaye gidan da kyandir. Taro ya yi ta ƙaruwa har ya cika gari, sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mutane, amma taron bai watse ba, kuma kafin watan ya ƙare mulkin ya faɗi. Nakan ce, "Inna, harbin! Ba mu na harbin!" Sai ta tura gawayi da cokali ta ce, "Harbi ba labari ba ne. Washegari ma layi muka fita." Ta koma kan burodi, ni kuma in yi ta hamma da gangan.

Hanifa ce ta tuno da wannan, ranar da Inna ta kasa tashi salla sai a zaune. Ta ce, "Yaya, ita fa ba ta yarda da burodin da ba a bi masa layi ba."

Umma ta ce mu bar shirme. Abba ya ce, "Me ya rage mana? Yalla, mu yi mata layin."

Da safe muka tare ƙofar kicin da teburin guga. Baba Awudu, da ya dawo daga aiki ko takalmi bai cire ba, ya zama mai sayarwa. Muka jeru a lungu, Umma ta riƙo Inna. Wallahi tana ganin layin bayanta ya miƙe. Ta ce, "Waye na ƙarshe?" Abba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

Da layi ya zo kanta sai Baba Awudu ya ɓata komai. Ya rusuna har goshinsa na neman taɓa tebur, ya washe baki, ya turo mata burodin gaba ɗaya. "Mma, sannu da zuwa, kin kwana lafiya? Ɗauki duka, akwai da yawa!"

Inna ta ja da baya, ta raɗa wa Umma, "Kar ki taɓa. Ɗan leƙen asiri ne." Ta juya ɗaki.

"Ei! Ni?" in ji Baba Awudu. "To ya zan yi, in zagi sa'ar uwata?"

Nan muka tsaya cirko-cirko. Abba suruki ne, ko idonta ba ya iya kallo. Umma 'yarta ce. A duk gidan mutum ɗaya ne aka yarje wa ya yi wa Inna tsiya, kuma tun yana cikin tsumma yake yi. Kowa ya juyo ya dube ni.

Aka sake jera layi. Na ɗaura tawul a ka, na haɗe rai. Ta iso gabana, 'yar ƙarama, wuyan hannunta kamar cokali. Na yanki rabi na wurga kan tebur.

"Rabi! Na baya!"

Ba ta motsa ba. Ta ƙura mini ido, ba ta san ni ba ko kaɗan.

"Ina da yarinya," in ji ta.

"Kowa ma haka yake cewa. Ina take?"

Ta jawo hannun Umma, mace mai 'ya'ya biyu da ciwon gwiwa, ta turo ta gaba. Na ƙara ɗan gutsure, na ce, "Tsohuwa, kin cika naci, matsa!" Muryata ta fashe a tsakiya kamar ta zakaran da bai iya cara ba.

Ta zauna a kujerar lungu, ta gutsura ta sa wa Umma a baki, ta jira ta haɗiye. Sannan ta kai nata baki. Ta tauna a hankali. Baba Awudu ya juya yana ta gyaran firijin da ba abin da ya same shi.

Da ina yaro na ɗauka jaruman labarin su ne masu kyandir, kuma har yanzu ban cire su ba. Amma ban san abin da ake nufi da tashi kowace safiya ka tsaya a bayan wani don bakin da ba naka ba, sai da na ga Abba yana makara aiki saboda shi ne na ƙarshe a layin ƙarya.

Kullum da safe muka riƙa yi, da rana ma in ta ƙi shinkafa sai a jera. Ba a sa mata robar ba. Hankalinta bai dawo ba, ba ta sake kirana maigidana ba, sai dai "wannan mara kunyar mai burodi". Bayan ƙaramar salla Umma ta mayar da ita Kano, wajen kawunmu. A can ta rasu da damina, ina makaranta aka bugo waya.