Furar Juwairiyya

Juwairiyya taubashiyata ce, ɗiyar ƙanen mahaifiyata. Gida ɗaya muka tashi a Ƙofar Kware, kuma tun muna yara ba ta iya riƙe taɓarya ba. In an ba mu surfe sai cikinta ya fara ciwo, in an gama ya warke. Ni na gaji sana'ar kakarmu ta fura, ita kuwa aka sa ta boko, daga baya aka tura ta Kaduna kwas na koyar da mata girki da tsabta.

Ta dawo shekarar da ma'aikata suka sami ƙarin albashin nan na Udoji, siririya kamar sillen kara, da takalmi mai tsini da jaka a hammata. A lokacin duk matar ma'aikacin da ke unguwarmu wurina take aiko da ƙwarya. In an ce furar Sadiyatu, to an gama magana. Wannan sunan shi ne duk abin da na mallaka a duniya.

Sai Juwairiyya ta fara bi gida gida tana tara mata a tsakar gida. Wai fura ke kawo teɓa, gero abincin masu noma ne, macen zamani shayi take sha da lemun tsami ba sukari, da biredi da kifin gwangwani. Mata suka bi ta kamar an yi musu asiri. Wata maƙwabciyarmu har jiri ya kayar da ita a bakin rijiya, ta tashi tana cewa alamar abin yana aiki ke nan. Ƙorai suka daina zuwa, dawona yana kwana yana tsami, ina ba awaki.

Abin da ya fi ci mini rai, in ta gama yawonta da la'asar ɗakina take faɗowa, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa.

"Taubashiya, dama min hura, yunwa za ta kashe ni."

"Ba ke kinka ce tana sa teɓa ba?"

"Wanga aiki na, ke dai dama."

In dama mata, ta shanye ƙwarya guda, ta lashe ludayi, kuma ko a jikinta. Ni da ruwa ma in na sha sai ya zauna mini a ƙugu. Wallahi na yi hassadarta, ba zan ɓoye ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni kam na zuba mata takin gona guda. Ta auri wani babban ma'aikaci, suka koma Mabera gida mai lantarki da firji, har a rediyo ake jin muryarta.

Da gwamnatin soja ta fito da maganar kowa ya koma gona, a ci abin da ƙasa ta noma, na ce yau asirin Juwairiyya ya tonu. Ina! Ban gama murna ba na ji ta a rediyo tana yabon gero, wai yana gina jiki, yana kawo ruwan nono, kakanninmu da shi suka yi tsawon rai. Matan da suka guje ni suka koma neman fura, amma ba tawa ba. Ta Juwairiyya suke so, mai sanyin firji, a kofin gilashi.

To wa zai daka mata? Ta zo har ɗaki ta same ni.

"Ki riƙa yi min dawo ina aikowa a ɗauka. Amma kak ki gaya ma kowa, sunana ka saida shi."

Na so in kore ta, sai dai tukunyata ta daɗe ba ta ga wuta sosai ba. Na karɓa. Ni ke surfe, ni ke daka da citta da kanumfari, ni ke kirɓi har kafaɗata ta riƙe, direban mijinta ya zo ya kwashe a rufe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar sunan ɗan ƙanwar mijina aka kawo furar Juwairiyya cikin manyan kwanoni, mata suna rububi. Ina gefe ina kallon dawon da na kirɓa da hannuna jiya. Uwar mijina, wadda ta sha furata tun ina amarya, ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ciko ludayi ta miƙo mini a gaban kowa.

"Sadiyatu, sha ki jiya. Wagga ita ta hura. Ki tai wurin 'yar'uwarki ta koya miki, ba abin kunya ba na."

Na karɓa na sha. Ta tsare ni da ido tana jiran amsa.

"Ta yi daɗi, Inna," na ce.