Kafaɗar Mitwalli

Mitwalli ya girma da katakon gurasa a ka, yana ratsa lungunan unguwar Bulak a kan keke kamar kifi cikin ruwa. Da wuyansa ya fara ciwo, sai ya koma kai abinci a babur, ƙarƙashin wani kamfani da bai taɓa ganin fuskar mai shi ba. Waya ce ubangidansa. Ita ke aikensa, ita ke auna tsayuwarsa, kuma ta riga ta ja masa kunne: in ya sake jinkiri, ta rufe masa hanyar samun aiki.

Ran nan bayan azahar, da abincin mutane da zafinsa a akwatin baya, ya yi kiciɓis da jana'iza. A unguwarmu ba a wuce gawa. Kowa kan sa kafaɗa, ya ɗan taka, wani ya karɓe shi. Amma wannan mamacin baƙo ne, masu ɗaukarsa ba yawa, tsohon da ke gaba har gwiwarsa na rawa.

Sabri, abokin aikinsa da ke biye a nasa babur, ya rage gudu. "Kawu, kar ka soma. Wayar nan ba ta san lahira ba."

Mitwalli ya kafe babur, ya karɓi tsohon. Taku kaɗan ya yi niyya, sai dai ba wanda ya zo karɓarsa. Wayar na ta kaɗawa a aljihun ƙirjinsa kamar wata zuciya mai fushi, katakon makara na cin kafaɗarsa, yana waige, lungu na ƙara tsawo. Sai a ƙofar masallaci ya samu ya sauke. Kafin ya koma ga babur, an rufe masa aikin.

Washegari ya je ofishin kamfanin. Ma'aikaciyar, Nirmin, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ba ita ta rufe ba, ba kuma wani mutum a ginin ba. Na'ura ce ta ga ya saki hanya. Ya tambayi wa zai kai wa kuka, ta ce babu. Sai ta yi ƙasa da murya: in ya ce babur ne ya lalace, za ta iya turawa a duba.

"'Yata, babur lafiyarsa ƙalau. Rubuta mutum na ɗauka."

"Baba, ba su tanadi wurin rubuta wannan ba."

"To, kar ki rubuta komai."

Yanzu da safe nakan hango shi ta taga, ya koma kekensa, gurasa a ka, wuya ɗaure da tsumma. In ya zo kwana, yakan sauke ƙafa ɗaya ƙasa, abin da bai taɓa yi ba a da.