Jajen da Baba Ya Kai wa Mai Alkama

Shekarar da Baba ya zo Lyon aikin ido, ina zaune a Bron, nan kusa da Lyon ɗin, ina stage, wato koyon aiki, a wani ƙaramin ofishin inshorar manoma. Patron, maigidan ofishin, ya gaya mini a fili cewa idan na riƙe manoman da aka ba ni suka sabunta yarjejeniya, zai ɗauke ni aiki. In ba aiki kuwa, takardar zamana ta ƙare, sai Maraɗi.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai wani dattijon Bafaranshe ne mai gonakin alkama uku a warwatse, marowaci na ƙin ƙarawa. Inshora iri biyu ce a gabansa. Akwai wadda gwamnati ke tallafa wa, amma ana haɗa gonakin duka a auna asara tare. Akwai ta gona-gona, kowace da hukuncinta, wadda ƙarin kuɗinta daga aljihunsa zai fito. Na yi ta lallashi ya ɗauki ta gona-gona, ya ce shi ba ya barin abin gwamnati ya wuce shi.

Sai ƙanƙara ta sauka, ta kwantar da gona ɗaya kaf, biyun ko ɗigo. Da aka haɗa, asarar ta tsaya dab da inda ake fara biya, ba ta kai ba. Ya kira ni a waya yana kumfar baki, ya ce ya gama da mu.

Baba na jin labari ya ɗauki hula. "Uwata, mutum ya yi asara ba a je jaje ba? Tashi mu je."

Na so in hana, amma wa zai hana Baba zuwa jaje? Muka same shi a bakin gona ta biyu, ya ɗaga kai yana duban gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Ni na san abin da yake jira. Ƙanƙara kaɗan a kan wannan gonar, asara ta cika, a biya shi.

Baba ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. "Gaya mishi wannan shi ne manomi. Mu ma haka muke, ɗaya a jigawa, ɗaya a fadama, in Allah ya taɓa nan ya bar can." Na fassara. Dattijon ya yi murmushin dole.

Iska ta taso. Baba ya dubi sama da idonsa ɗaya mai lafiya, ya ɗaga hannu biyu, ya shiga roƙon Allah ya kawar da hadarin nan daga gonar bawan Allah.

"Me yake cewa?" in ji dattijon.

"Yana roƙo kada ƙanƙara ta taɓa gonarka."

"Ki ce ya bari."

"Me ya ce, Uwata?"

"Ya ce amin, Baba."

Baba ya ƙara ƙaimi. Ina tsaye tsakaninsu, dariya na cina, tsoro na cina. Muna kallo hadarin ya karkata, ya bi ta kudu, ya tafi abinsa. Baba ya shafa, ya yi wa mutumin barka har sau nawa. Shi kuwa fuskarsa ta yi ja kamar tattasai. A mota na yi ta tunanin yadda zan haɗa kayana.

Bayan girbi sai ga dattijon a ofis, ya zauna gabana ba ko gaisuwa.

"Tsohon nan ya koma ƙasarku?"

Na ce ya koma, amma kullum yana sa gonakinsa a addu'a. Gaskiya ce kuwa, duk wayar da muka yi sai Baba ya tambayi alkamar abokinsa.

Ya yi ajiyar zuciya. "To rubuta mini ta gona-gona. Muddin yana wannan aikin, ba zan taɓa samun asarar kirki ba."

A makon nan patron ya ɗauke ni aiki. Da na kira gida na ba da labari, Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai ranar, da ya gama roƙa wa gonar, ya saka ni a ƙarshen addu'ar.