Awakin da Inna ta ɓoye

Salamu alaikum. Na san na daɗe ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar cuku, da masu cewa ko aure na yi ban gayyace su ba, ku yi haƙuri. Jinya na yi.

Abin ya fara bayan girbin gero. Zazzaɓi da yamma, gumi kamar an watsa mini ruwa, da safe in tashi garau in kama aiki.

Na je asibiti a nan Filingue. Aka ba ni maganin zazzaɓin sauro, ya lafa, ya dawo. Aka ce taifot, na sha nata. Kowane zuwa, tsakanin awon jini da farmasi, jikka goma ta kuɗin sefa ba ta isa.

Daga nan ƙugu ya riƙe. Na koma sallah a zaune.

Gida ɗaya muke da mahaifiyata, Inna. Awaki nata ne, tatsa da yin cuku nawa. A shekarar awakin sun yi ta ɓari, kuma ni ke ciro matattun ƴaƴan da hannuna. Madara kuwa da ɗuminta nake sha tun ina yarinya. Ban taɓa haɗa wannan da ciwona ba.

Ana nan mai unguwa ya sanar cewa mutanen jami'a daga Yamai za su bi gida gida. Wata malama ce likitar dabbobi da ɗalibanta, suna binciken ɓarin awaki a yankinmu na Kurfai. Sun zo da sabon abin awo da suke gwadawa, ɗigon jini kaɗan, a ga sakamako nan take ba sai an kai birni ba.

Inna na jin haka ta sa aka kora awakin gonar kawuna.

Na ce, "Inna, ƴan makaranta na hwa."

Ta ce, "Waɗanda sunka zo ma kakana su ma da takarda sunka zo."

Labarin da ta tashi da shi ke nan. Lokacin da Nasara suka shigo ƙasar nan, dabbar da aka ƙidaya ko a ɗora mata haraji ko a kai wa soja. Tun daga nan gidanmu ba a nuna wa baƙo garke.

Da suka iso, Inna ta tare su a ƙofa ta ce, "Ko kaza ba mu da." Tana faɗa tana tsaye a kan kashin awaki ɗanye. Da ina da ƙarfin dariya da na yi.

Malamar ba ta yi musu ba. Ni ta kalla a kan tabarma, ta kalli cukun da ke shanye. Ta tambaye ni tun yaushe nake kwance, ko ina shan madara ɗanya, ko na taɓa karɓar haihuwar akuya. Na amsa duka, Inna na hararata.

Ta ce, "Ba ni da ikon duba mutum. Amma ki tafi Yamai ki ce a auna miki brucellose. Ciwon dabba ne mai kama mutane."

A motar kasuwa aka kai ni, kwance a cinyar yayana. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton baya. Shi ne.

Likita ya ce ya fara taɓa ƙashin baya. Na tambaye shi ko zan sake tafiya da ƙafata. Ya ce, "In kin sha magani har ƙarshe, muna sa rai."

Na ji tsoro ƙwarai. Mutuwa ba ta tsaya mini a rai ba kamar a ce Inna, da tsufanta, ita za ta riƙa ɗaga ni.

Allura kullum har mazaunai suka ƙi zama. Ƙwayoyi wata uku, ɗaya tana mai da fitsari ja, wanda ba a gaya wa ba sai ya firgita. Ranar da na yi ruku'u ba tare da na dafa bango ba, na yi kuka.

Kafin a sallame ni likita ya ce in na koma wa madarar nan, ciwon zai dawo. Yayana ya kai wa Inna saƙon yadda yake.

Washegari da kanta ta je wajen mai unguwa ta ce a kira mata malamar.

Aka auna awakin, mafi yawansu suna ɗauke da shi. Malamar ta faɗi gaskiya, ba su da magani. Sai yanka, mahauci da safar hannu, nama a dafa shi sosai.

Wani maƙwabci ya ba da shawara a kai su kasuwa a sayar shiru.

Inna ta ce, "In kai ma ɗiyar wani abin da yak kada tawa? Kira mahauci."

Yau alhamdu lillahi ina tafiya, na ma fara ɗaukar tulu. Na gode wa likitoci, da yayana da ya bar shagonsa ya zauna da ni, da malamar nan da ɗalibanta. Allah ya sa binciken nasu ya kai ko'ina. Na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata kaɗan ce. Ku tafasa madara. Kada ku taɓa ɓarin dabba ko mahaifarta da hannu tsirara. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku gaya wa likita kuna kiwo, ko bai tambaya ba. In masu bincike sun zo, ku tambaye su abin da suke nema kafin ku rufe ƙofa.

Awakin nan daga tsatson akuyar da uwar Inna ta ba ta ranar aurenta suke. Jiya na ce mata, "Inna, ki gahwarta mini, na raba ki da su."

Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na rene su, ni na rene ki. Da anka ce in zaɓa, ban tsaya tunani ba. Tashi ki miƙo mini faifai, tunda ƙahwa ta samu."