Anti Me-Ya-Sa da Rigar da Ta Ƙara Tsawo

Ɗakin ɗori yana can ƙasan ginin asibiti, a ƙarshen wata doguwar baranda, bayan an wuce wurin ɗaukar hoton ƙashi. Ko ƙyallin taga babu a cikinsa. Nan matar nan take fara isa kowace safiya, tun masu shara ba su gama goge ƙasa ba. Ta rataye jakarta a ƙusa, ta zura farar rigar aiki, ta tara ruwan ɗumi a roba, ta jera bandejin nan mai farin gari wanda in ya jiƙa ya bushe yake daskarewa a hannun mutum, har jama'a ke ce masa siminti. Daga nan sai ta gwada ɗan zarton da ake yanke shi. Ƙarar zarton nan kaɗai ta isa ta sa ƙaton namiji ya tuna ya bar wani uzuri a gida, shi ya sa kafin ta kusanci kowa da shi sai ta fara ɗora shi a tafin hannunta, a gani da ido cewa ba ya cin fata. Sama da shekara talatin tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓata a asibitin. Daga mai gadi har babban likita, kowa Anti Me-Ya-Sa yake ce mata, kuma wallahi ba a zalunce ta ba. Ba ta iya naɗa wa mutum bandeji bakinta a rufe. A ina ka faɗi? Da wane takalmi? Me kake riƙe da shi? Me ya sa ka tare da hagu? Wani tun yana amsawa da fara'a har ya fara waige-waigen ƙofa, amma ina, hannunsa na hannunta.

Akwai tambaya guda da ta fi kowacce cin ranta a farkon aikinta. Yaro zai faɗo daga kan bishiya, ya karye, kafin a ankara ya warke ya koma kan bishiyar. Kakarsa kuwa santsi kawai zai ɗan kwashe ta a banɗaki, ta dafa ƙasa, ƙashi ya ce ƙas, kuma warkewar sai an sha jira. Me ya sa? Ta bi likitan ƙashi da wannan tambaya har ya daina shan shayinsa a baranda. Ranar da ta ritsa shi, bawan Allah ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce ƙashi ba busasshen ice ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe wani ɓangarensa yana sake ginawa, kuma kayan ginin wani sinadari ne da ake kira kalsiyam, wanda ake samu a madara da ganye da ƙananan kifin da ake ci har da ƙaya. Hanjin yaro wawurar sinadarin nan yake yi, na tsoho kuwa sai ya bar da yawa ya wuce. Kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da taimakon bitamin D, wanda fata ke haɗawa in rana ta taɓa ta, ita ma fatar da tsufa aikinta na ja baya. In jini ya rasa abin da yake buƙata, sai ya shiga ɗiba daga ƙashi, shiru, ba ciwo ba alama. Mata kuwa bayan al'ada ta ɗauke musu abin ya fi sauri.

Ta ce, “To me ya sa duk hannun da na cire wa siminti nake ganin ya rame?”

Ya ce, “Don ya zauna ba aiki. Nama ya rame, ƙashin ma haka. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi, jiki na ganin bai da amfani.”

Ta riƙe wannan magana gam, ta koma ɗakinta tana jujjuya ta.

Duk wanda ya san Anti yana da labarin da zai bayar, amma wanda ya fi yawo a bakin ma'aikata shi ne na Inna Tela, shekara goma da suka wuce. Inna tsohuwa ce da ta yi rayuwarta a kan keken ɗinki, da shi ta raini 'ya'yanta. Autanta ne ya kawo ta, wani direban bas mai faɗin kafaɗa, idonsa ja wur kamar shi ya karye. Ta taka bakin rigarta ne a tsakar ɗaki, ta faɗi, wuyan hannu ya tafi.

Anti na naɗa bandeji, idonta na ƙasa. Ta ga bakin rigar Inna, ta ga sawun tsohon ɗinki layi biyu a saman kalmasar.

“Inna, rigar nan an rage mata tsawo?”

“Sau biyu, 'yar nan. Ga shi ta sake jan ƙasa. Yadin yanzu ne, ba shi da amana, saki yake yi.”

“Ita kaɗai?”

“Duk rigunana. Har tef ɗin awona na jefar na sayi wani, na ce ko shi ya miƙe.”

Anti ta dakata da hannunta cikin ruwa. Ta ce, “Inna, me ya sa rigunan da kike ɗinka wa mutane ba sa saki, sai naki? Anya riga ce ke ƙara tsawo, ba ke ce kike raguwa ba?”

Inna ta yi dariya har da tafa cinya da hannu mai lafiya. Auta kuwa ya haɗe rai, don a ganinsa ana wasa da uwarsa. Anti dai ta leƙa ta gaya wa likita abin da ta gani. Aka ɗauki hoton baya. Sai ga shi wasu ƙasusuwan gadon bayan Inna sun lotsa a hankali, shi ne ciwon bayan da ta daɗe tana ɗora wa zaman keke. Likita ya rubuta magani, ya ce a dawo.

Ranar cire siminti, sai ga Auta ya turo Inna a keken marasa lafiya. Ta yi fari fat, ta zube, dariyar nan duk babu.

Anti ta riƙe baki. “Ikon Allah! Hannu na ɗaure, me ya sami ƙafa?”

Auta ya ce, “Anti, ba abin da ya same ta. Hutu na ba ta. Ta wahala da mu, ya isa haka. Na mayar da ita ɗakin ciki, ko ruwa ba ta ɗauka da kanta, matata na yi mata komai. Ƙwayar kalsiyam kuwa manyan kwalabe na saya, har ninka mata nake yi, ta haɗiye duka da safe.”

Yana faɗa yana jiran a sa masa albarka. Da ya fita karɓo kati, Inna ta jawo hannun Anti, ta yi ƙasa da murya.

“Ya kulle min keken ɗinkina, 'yar nan. Ƙafafun nan ina ji suna mantawa da ni. In na ƙara wata biyu a ɗakin nan, sai dai a fito da ni a ɗauke.”

Maganar nan ta soki Anti, ta ji tsoro ƙwarai, don ta sha ganin ƙarshen irin wannan hutun. Ta ja Auta gaban likita, likita ya yi masa bayani: ƙwayar nan ba a ninka ta, jiki kaɗan-kaɗan yake iya ɗauka, a raba ta a sha da abinci yadda aka rubuta. Inna na buƙatar hasken rana, tana buƙatar tafiya, a kai ta wurin masu gashin ƙashi su koya mata motsa jiki. Auta ya yi ta gyaɗa kai. Anti ta san irin wannan gyaɗa kan, na wanda ya riga ya yanke hukuncinsa ne tun a gida.

Ranar hutunta ta ɗauki farar rigarta da aljihu ya yage, ta bi kwatance har gidan. Ta hau bene, ta yi sallama, ta ce ɗinki ta kawo.

Auta ya tare ƙofa. “Anti, ki yi haƙuri, Inna ta daina ɗinki.”

“Me ya sa?”

Nan fa ya fashe. “A gabana mahaifinmu ya zame a bakin ƙofar nan, ƙugu ya karye. Bai sake takawa ba har ya koma ga Allah. Ita kaɗai ta rage min. Kina so in zuba ido ta bi shi?”

Anti ta ga ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Sai ta ce, “Allah ya jiƙansa. Bayan karayar, ya daɗe a kwance?”

“Ya daɗe.”

“Ka ga yadda kwanciyar ta cinye shi?”

Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “To kwanciyar nan da kake gudar mata, ita ka fara mata tun ƙugunta na lafiya. Ni ba zan yi maka alkawarin ba za ta sake faɗuwa ba, ba a hannuna yake ba. Amma zo mu zaga gidan nan mu ga abin da zai kayar da ita.”

Suka bi ɗaki-ɗaki, tana gaba yana biye da ita kamar ɗan makaranta. Me ya sa shimfiɗar nan ta naɗe a gefe? Me ya sa ƙwan fitilar banɗaki ya mutu? Silifas ɗin nan da ya sha ƙasa, na wane ne? Aka naɗe shimfiɗa, aka sa ƙwai, ya yi alkawarin kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da jikin matakala. Sai ta tsaya a bakin 'yar barandar da hantsi ke faɗowa, ta ce, “Nan keken ɗinkin zai zauna.” Shi da kansa ya kinkimo shi, yana share ido da kafaɗa. Inna ta fito tana dafa bango, ta zauna, ta shafa kan keken, ta ɗora ƙafa. Aikinta na farko aljihun Anti, na biyu kuwa ta bi rigunanta kaf ta rage musu tsawo. Kafin Anti ta tafi, Inna ta auna ta daga kafaɗa zuwa ƙasa, kuma tun daga ranar duk farar rigar da aka gani a jikin Anti ɗinkin Inna ce.

Ke ce, Anti, mai kallon inda ido ba ya zuwa. Mutane na kawo miki hannu, ke kina duba har bakin riga. Ke ce kika hana mu cewa “ai tsufa ne” mu rufe magana. Tsofaffi nawa ne ke zagaya tsakar gidansu da hantsi yau saboda kin dame su da tambaya, kin dami 'ya'yansu, kin dami likitocinsu? Ba wanda ya lissafa, ke ma ba ki lissafa ba.

Makon jiya sai ga Inna Tela ta sauko ɗakin ɗori da ƙafarta, sanda a hannu, tef rataye a wuya, Auta na bayanta ya baza hannuwa amma bai taɓa ta ba. Ta ce ta ji za a ajiye aiki, ta zo awon rigar sallama, mai launi, don ta gaji da ɗinka fari. Ta ɗora tef a kafaɗar Anti, ta sunkuya a hankali, ta duba. Ta sake aunawa. Ta miƙe tana kallonta.

“'Yar nan, tef ɗin nan sabo ne, kuma awonki a kaina yake. Me ya sa kika ragu?”

Anti ta buɗe baki ta rufe. Ma'aikatan da ke wurin sun rantse ba su taɓa ganin haka ba.

Inna ta ɗaga kai ta kalli bango huɗun nan marasa taga. “Yaushe rabonki da rana? Kina shigowa ba ta fito ba, kina fita ta faɗi. Ƙashin kowa kin sa an duba, naki fa?”

Anti ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita dai tana jin bayanta na ɗan riƙewa, ta ɗauka tsayuwa ce. Inna ba ta tsaya jin sauran ba. Ta damƙi hannunta, ta ja ta baranda, tsohuwa mai sanda na jan ma'aikaciya mai farar riga, har ƙofar likita. An yi hoton, an ce abin bai yi nisa ba, an rubuta magani.

Mun gode, Anti Me-Ya-Sa. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki a tsaye. Mu kuma da muke da tsofaffi a gida, mu ari ko kaɗan daga halinki: mu dubi bakin rigarsu, mu tambayi me ya sa, mu kai su a duba, kada mu kwantar da su da sunan gata. Mu kuma waiwayi masu kula da mu, don su ma ƙashi ne a jikinsu.

Inna dai ta riga ta ba da umarni. Ta ce safiyar farko bayan ajiye aiki, Anti ta same ta a baranda da hantsi, su taka tare zuwa ƙarshen layi su dawo. Da Anti ta tambayi rigar fa, Inna ta naɗe tef ɗinta, ta ce, “Daidai tsawonki na yau zan yanka ta. Kuma ki ji ni da kyau, 'yar nan, ba na so ki dawo min da ita in rage.”